Yadda Muka Gangara Zuwa Teku da Inji a Kashe

Tun da muka dawo Riyad daga kudancin ƙasar nan, ban zauna a majalisar shayi ta unguwar Oud ba face an tambaye ni yadda tafiyar ta kasance. Wasu teku suke so a siffanta musu, wasu duwatsu, amma kowa yakan kewaya ya dawo kan abin da ya sami tafin hannuna na dama. Na ga gara in rubuta sau ɗaya, domin duk lokacin da na ba da labarin da baki sai wani abu ya ƙaru ko ya ragu, hakan kuwa yana hana ni sukuni.

Madogarata uku ce: ɗan littafin aljihu da nake rubutu a ciki duk inda muka yada zango, da hotunan wayata masu nuna sa'ar da aka ɗauke su, da kuma bakin Kawu Illa, wanda ya tuƙa ni. Akwai shaida na huɗu, wani dattijo mai sayar da zuma, sai dai Larabcinsa na mutanen dutse ne, ban tabbata na fahimci fiye da rabinsa ba. Mun tashi ranar Laraba a mako na biyu bayan ƙaramar Sallah, muka dawo Lahadi. Nisan da zan ambata daga taswirar waya na samo shi, ban auna ba. Sannan akwai wasu daƙiƙu, ban san ko biyar ne ko goma ba, waɗanda ba su cikin littafin, ba su cikin wayar, ba su kuma cikin kaina. Idan na iso gare su zan faɗa.

Kawu Illa ƙanin mahaifiyata ne, mutumin Maradi. Ni a Katsina aka haife ni, karatu ya kawo ni Riyad, na gama bara, yanzu ina fassara takardu a wani ƙaramin ofis a unguwar Dira. Shi kuwa ya shekara goma sha biyu yana kabu-kabu a Maradi, wato abin da mu muke kira acaɓa, sannan ya shekara goma sha huɗu a nan, mafi yawansu yana kai wa mutane abinci gida-gida a kan babur, ran Juma'a kuma yana ɗaukar 'yan'uwa zuwa ziyara. Bana ya nemi kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya yi masa takardar fita ta ƙarshe, zai koma gida ke nan. Bai gina gida ba, bai sayi mota ba. Abin da zai koma da shi suna ne: daga tashar Maradi har majalisar Oud ana ce masa Illa Gam, domin tun da ya fara hawa babur bai taɓa kayar da fasinja ba. Na sha jin yana cewa ko babu komai a jakarsa, wannan ya ishe shi shiga gari da rana.

Habu Tela, abokin wasansa, shi ya jawo tafiyar. Ya ce abin kunya ne mutum ya tsufa a ƙasar da take da teku biyu, ya koma bai ga ko ɗaya ba.

Kawu ya ce, “Zan gan shi, kuma bisa motona zan gan shi. Ustazu, ɗauko takardarka, kai ne shaida.”

Ustazu yake ce mini tun da na fara sa tabarau. Babur kuma moto yake ce masa, birki fren, man fetur kuma esansi. Zan bar masa kalmominsa yadda ya faɗe su.

Daga Riyad zuwa garin Abha da ke kudu kusan kilomita dubu ne, ƙaramin babur ba zai yi ba. Saboda haka muka shiga motar Laminu, wani direba ɗan Damagaram da yake kai katifu can, aka ɗaure babur a tsakiyar kaya kamar mai jinya. Game da hanyar ba ni da abin faɗa mai yawa. Na rubuta “yashi” sau shida a littafina, a na bakwai na rubuta “haka dai”.

Iyaka ba mu tsallaka ba, amma an tsayar da mu a shingen bincike bayan Wadi Dawasir. Jami'in ya ce, “Igama,” wato katin izinin zama. Laminu da Kawu suka miƙa nasu ba tare da sun ce uffan ba. Ni kuwa na fito da jakar leda mai ɗauke da igama, da kwafinta, da takardun babur, da lasisin Kawu, na kuma soma bayanin manufar tafiyarmu da Larabcin makaranta, tun daga gabatarwa. Jami'in ya saurare ni har na kai tsakiya, sai ya ɗaga hannu. Na dakata. Ashe abokin aikinsa yake kira ya zo ya ji. Suka sa na maimaita daga farko, na biyun ya ce in ƙara da hasashen yanayi. Daga nan suka leƙa baya suka ga babur cikin katifu, suka tambayi Kawu ina za shi da shi. Ya ce, “Bahar,” wato teku. Suka yi dariya suka ba mu dabino, muka wuce. Har yanzu ban san ko yabona suka yi ba.

A Abha muka kama ɗaki a wani gidan haya mai kayan ɗaki. Da muka shiga Kawu ya ce in kashe na'urar sanyi. Na nema ban ga inda take ba. Ya ce ɗan boko bai iya neman abu ba, ya tashi da kansa, ya duba bayan labule da saman ƙofa, ya fita ya yi wa mai gidan ƙorafi. Mutumin ya kama hannunsa ya kai shi bakin taga ya nuna masa waje. Sanyin na Allah ne. Kawu ya dawo ya zauna ya ce shekara goma sha huɗu ana cutarsa, ashe akwai inda ake raba wannan kyauta.

Da safe aka kawo mana wani abinci da suke kira arika: gari ne aka murza da dabino, aka kwarara masa man shanu da zuma. Kawu ya ce tuwo ne da ya yi arziki ya manta da miya. Ya cinye nasa ya taya ni nawa.

Abha a kan dutse take, teku kuma yana can ƙasa. Hanyar da ke haɗa su ita suke kira akaba, wato mashigin dutse. Tamu sunanta Dala'a, idan na rubuta daidai. An gaya mana daga sama ana hango teku. Ni ban hango ba. Abin da na gani gajimare ne a ƙasa da ƙafafuna, wanda ya ruɗa ni ƙwarai, domin duk rayuwata sama nake ɗaga kai in gan shi. A bakin hanya kuma ga gwaggon birai zaune a jere kan katanga kamar masu jiran mota. Ɗaya ya sauko ya karɓi ledar burodin da ke hannuna cikin natsuwa, har na kusa ce masa babu komai.

Muka sa hulunan kwano, muka yi addu'ar hawa, muka kama gangara da misalin ƙarfe tara da kwata. Ba mu yi nisa ba na ji ƙarar babur ta ɗauke. Kawu ya mayar da giya firi ya murɗe makulli.

Wajibi ne in yi bayani a nan domin a yi masa adalci. Duk ɗan kabu-kabu haka ya tashi ya ga ana yi. A kwalba ake sayen mai a bakin titi, kowane ɗigo da lissafinsa, don haka da zarar hanya ta sunkuya sai a kashe inji a bar ƙasa ta yi aikin. Wanda ya bar inji yana ci a gangare, almubazzari ake ce masa. Sai dai gangaren da ya fi kowanne tsawo a Maradi, in ji Kawu da kansa, shi ne na zuwa gulbi, kafin ka gama salati uku ka kai ƙasa. Wannan kuwa dutse ne da ake sauka daga gajimare.

Da farko abin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Babu ƙara sai iska. Hanya tana lanƙwasa hagu, ta lanƙwasa dama, ta shiga rami cikin dutse ta fito a kan gada, kwari a gefe ɗaya wanda ban yarda na kalli ƙasansa ba. Kawu har waƙa yake yi. Sai muka wuce wani babban allo, na karanta shi sarai: a yi amfani da giya mai nauyi. Muka wuce na biyu, magana ɗaya.

A nan nawa laifin yake. Abin da ya kamata in ce shi ne, “Kawu, tayar da inji.” Amma yaro ba ya koya wa kawunsa sana'arsa, balle wanda ko keke bai ƙware ba. Sai na kewaya.

Na ce, “Kawu, wancan allon yana ba matafiya shawara game da giya.”

Ya ce, “Mi ya ce?”

“Ya ce an fi so a sa mai nauyi.”

“Da manyan motoci yake. Ka ga hoton moto a jiki?”

Na ce ban gani ba, domin gaskiya ban gani ba. Aka bar maganar.

Hoton ƙarshe da na ɗauka yana nuna ƙarfe tara da minti talatin da takwas. Jim kaɗan bayan haka na ji wari kamar an bar tukunya a wuta babu ruwa. Na ɗauka daga kwari yake tasowa. Sai na lura Kawu ya daina waƙa, ƙafarsa ta dama tana taka birki tana sake takawa, babur kuwa gudu yake ƙarawa. Daga baya aka fahimtar da ni cewa idan babu inji da zai riƙe babur, birki ne kaɗai ke ɗauke da nauyin, mu kuma mu biyu ne, sai ya yi zafi har ya daina kamawa. A lokacin ban san wannan ba. Na ce, “Kawu, lafiya?” Ya ce, “Yi salati.”

Muka sha wata kwana da ban san yadda muka sha ta ba. Bayanta hanya ta ɗan buɗe ta ɓangaren dutse, wani fili mai yashi da tsakuwa da ruwan sama ya tara, a ƙarshensa kuma bangon dutse a tsaye. Na ga Kawu ya karkata can. Na ga ya sauke ƙafafunsa biyu ƙasa. Na ga wani tebur da kwalabe a kai.

Nan ne daƙiƙun da na ambata.

Abin da na sani bayansu shi ne ina zaune a kan yashi, a farkon filin, tabarau a rataye a kunne ɗaya, tafin hannuna na dama ya saɓule, rigata ta yage. Can gaba, taku ashirin da uku (na auna daga baya), Kawu yana tsaye, babur a tsakanin ƙafafunsa, tayar gaba tana taɓa bangon dutse. Takalmansa duka biyu sun cinye har yatsu sun leƙo. Babur bai kwanta ba. Wannan na gani da idona.

Mai teburin ya iso kaina da gudu. Dattijo ne siriri, da zane a ɗaure, da wuƙa a ƙugu, a kansa kuma rawanin furanni da ɗaɗɗoya, sai ƙamshi yake. Na ɗauka na mutu ne. Ya ɗaga ni, ya wanke mini hannu, ya shafa zuma a kan ciwon ya ɗaure da ƙyalle. Sannan ya je ya yayyafa wa birkin ruwa kaɗan, ya yi cuu, ya duba makulli ya ga a kashe. Ya dubi Kawu ya yi magana mai tsawo, yana nuna sama, yana nuna kwari, yana buga goshinsa.

Kawu ya ce, “Mi yake cewa?”

Na ce, “Yana yi mana barka.” Wannan ita ce fassara mafi rauni da na taɓa yi, ina neman gafara a kanta.

Kawu ya ƙare masa kallo ya ce, “Namiji da hure a ka, da wuƙa a ƙugu. To wanne za ni gaskata?” Daga nan ya juyo gare ni ya ce, “Kai kuma don mi ka dira? Wa ya ce ka dira? Da ka zauna da mun tsaya tare lahiya lau.”

Na ce ban tuna na dira ba. Ya ce tsoro haka yake, ba ya barin shaida. Na juya ga dattijon na tambaye shi a hankali, sau biyu, ko ya ga yadda na bar babur. Ya ce ya gan ni a sama kamar buhun da ya zame daga raƙumi. Na ce, tsalle na yi ko faɗowa? Ya ɗaga yatsa sama ya ce Allah ne ya sauke ni. Da na fassara, Kawu ya ce, “Ka ji ko? Ko shi bai ce ni ba.”

Muka zauna kusan sa'a guda har birki ya huce. Dattijon ya ba Kawu wasu tsofaffin silifas. Da muka tashi, Kawu ya tayar da inji, ya sa giya ta biyu, muka sauka a hankali babur yana kuka kamar ana yanka shi. Bai ce komai a kan esansi ba, ni ma ban ce ba.

A ƙasa wani ruɗanin ya tarye mu. Sanyi ya ɓace, zafi mai ɗanko ya rufe mu, sai ga gonakin dawa da gero, ga magarya, ga awaki, har da wasu tsofaffin bukkoki masu kan tulluwa. Mutanen da yawansu kalarmu ce. Kawu ya tsaya ya yi wa wani manomi sallama da Hausa, mutumin ya amsa da Larabci, kowannensu yana mamakin ɗan'uwansa. Kawu ya ce, “Ustazu, duba taswirarka. Ko dai mun mutu can bisa, an maido mu Tasawa?” Na duba, domin ni ma ban natsu ba.

Mun isa teku a wani gari da ake kira Shuƙaiƙ bayan azahar. Kawu ya naɗe wando ya shiga iya idon sawu, ya ɗebo ya ɗanɗana ya tofar, ya ce duk wannan ruwa babu na alwalar kirki. Na ce masa malamai sun halatta alwala da shi. Ya ce malaman ba su kurkure baki da shi ba. Amma ya daɗe a tsaye yana kallo, ya kuma sa na ɗauke shi hoto tare da babur, ta yadda Habu Tela zai ga duka biyun.

Muka ci kifi da aka gasa a cikin tanderun ƙasa, da wata waina mai tsami ta dawa wadda da an kawo mini ita a Katsina ba zan tambayi daga ina take ba. A nan na cire yagaggiyar rigata zan sauya, sai na ga wani tabo baƙi a tsakiyar ƙirjina, zagayayye. A bayana da gefena na faɗi, can duk ƙurjewa ce. Wannan shi kaɗai ne a gaba.

Na ce, “Kawu, ina neman izini in yi tambaya.”

“Ka fara.”

“Wannan tabon, girmansa daidai gwiwar hannu.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Dutse ne.”

“Inda na faɗi yashi ne. Na duba.”

“To yashin ƙasar ga tauri gare shi.”

Ya ci gaba da cire ƙayar kifi. Can ya ce, “Ustazu, wanda fasinja ya suɓuce mishi, a tasha cewa ake tsautsayi, sai dai sunanshi ya tahi. Wanda kuwa ya sa hannu ya ture fasinja, mi kake jin za a ce mishi?”

Na ce, “Idan don ya raba shi da bangon dutse ne fa?”

“A tasha ba a tambayar don mi. Ka ɗauki mutum, ka sauke shi bisa ƙahwahunshi. Shi ke nan sana'ar.” Ya turo mini sauran kifin ya ce, “Ci, uwarka za ta ce na bar ka da yunwa.”

Dawowa ba ta da labari. Muka hau dutsen washegari da inji a kunne, tunda babu yadda za a yi a hau da shi a kashe, muka tarar da Laminu ya sauke katifu ya ɗauko buhunan kaya.

Ran Juma'a bayan la'asar majalisa ta cika. Aka ga hoton teku, aka yi wa Kawu tafi. Sai Habu Tela ya kama hannuna mai ƙyalle ya ɗaga sama, ya ce, “Jama'a, ga Gam ya saki! Kai yaro, mai karatu ne kai, ba ka ƙarya. Ya kayar da kai ko bai kayar ba?”

Kawu yana kallon cikin kofinsa.

Na ce, “Babur bai kwanta ba. Wannan na gani da idona.”

Habu ya ce, “To kai me ya kai ka ƙasa?”

Kafin in haɗa amsa wani ya ce tsalle na yi, aka fashe da dariya. Tun ranar sunana a Oud ya koma Ustazu Kwaɗo. Ban musa ba, ban kuma amsa cewa haka ne ba, amma na san shirun nawa an lissafa shi a matsayin amsa, kuma wannan yana damuna.

Saura mako uku Kawu ya tafi. Kafin in ba kowa wannan rubutu na je ɗakinsa na karanta masa tun daga farko, yana ɗaure kaya yana saurare. Ya gyara mini wuri biyu: ya ce giya ta ɗaya ya sa a saukowa ba ta biyu ba, kuma bai ci arikata ba, ɗanɗanawa ya yi. Na farkon ban canza ba domin na ga ƙafarsa lokacin da ya sa giyar. Da na kai wurin tabon ya daina ɗaurin, ya zauna a kan jaka.

Ya ce, “Ka rubuta na ture ka?”

Na ce, “Na rubuta ban sani ba.”

“Ka rubuta ka dira?”

“Shi ma na rubuta ban sani ba.”

Sannan ya ce, “To bar shi hakanan.”

Na bar shi. Idan na dira, ni matsoraci ne, sunansa kuma yana nan. Idan suɓucewa na yi, sunan ya tafi a banza. Idan kuwa shi ya ture ni, to ya sayi raina da abu ɗaya tak da ya tara a shekara ashirin da shida, kuma ina yawo a gari ban yi masa godiya ba, domin godiyar ita ce za ta tona shi. Mutum ɗaya ne ya sani, shi kuma ya ce dutse ne.

Tambayar da na kasa amsawa ke nan, ga ta yadda take: a filin nan na mai zuma, ni na bar babur ɗin Kawu Illa, ko shi ya raba ni da shi?